Yadda Butar Shayina Ta Cinye Jirgin Maigida

Mazan wasu matan idan shekaru suka fara ja sai su koma ginin gida a ƙauye ta waya, ko su shiga rigimar shugabancin ƙungiya. Nawa jirgin ruwa ya saya. Muna zaune a hawa na biyar a University Heights, wata unguwa a Bronx, ɗaki biyu da falo, lif ɗin gidan ma sai ya ga dama yake aiki, amma bawan Allah ya dawo wata Asabar yana ta murmushi ya ce min mun yi jirgi. Na ɗauka zolaya ce, sai da ya kai ni City Island na gani da idona.

Kwale-kwale biyu ne dogaye aka jera, aka ɗora musu ɗaki a tsakiya, ga wani dogon ƙarfe a tsaye da ake ɗaga ƙyalle a jikinsa iska ta tura. Katamaran ake ce masa. Ni Tagwaye nake kiransa, don komai nasa biyu ne, ciki biyu, inji biyu, wahala biyu. Tsoho ne tukuf, ina jin ya girmi aurenmu, kuma wanda ya sayar masa har rungume shi ya yi don murnar rabuwa da ƙaya.

Maigida ma'aikacin lantarki ne a wani asibiti a Bronx, ni kuma nas ce a wani daban. Mutumin Yawuri ne, ɗan masunta, amma ƙuruciyarsa a Kano ta ƙare wajen gyaran janareta, har kunnensa na hagu ya yi nauyi saboda ƙara. Tun daga nan ya ƙulla gaba da duk wani abu mai shan mai yana hayaƙi. Abin da ya fara yi wa jirgin shi ne ya ciro injinan dizal guda biyun ya kyautar, ya sa injinan lantarki biyu, kowanne bai fi tukunyar tuwon suna ba. Ya jera batura a ƙarƙashin kujeru, ya shimfiɗa farantan sola a kan rufi. Bazara uku yana wannan aiki, duk Asabar duk Lahadi.

Ni kuma na sha karatu ba tare da na nema ba. A wajen cin abinci zai fara min bayani, wai injin dizal sai an canza masa mai, an canza matatar man, an ɗaure bel, ga wari ga girgiza, shi kuwa na lantarki abu ɗaya ne tak yake juyawa a cikinsa, kana tura hannu zai tafi. Aibinsa ɗaya ne, kuma bai ɓoye min ba: batir. In aka lallaɓa a hankali zai yi awa uku, in aka matsa masa ko awa guda ba zai kai ba. Ya ce ai ba komai, aikin inji fitar da jirgi ne daga mashaya, wato inda ake ɗaure jirage, da mayar da shi, sauran tafiyar ta iska ce. Na ce to ya sayi ɗan ƙaramin janareta ya ajiye saboda tsaro. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

Gaskiya ɗaya ce, na tsani jirgin nan. Ya cinye min ranakun hutu, ya cinye min hira, cefane ma ni kaɗai nake jan keken kaya daga Fordham Road. Biki ko suna in na je sai an tambaye ni ina Kyaftin, ana dariya ƙasa-ƙasa.

A wani suna a unguwar Soundview aka tunzura shi. Mijin ƙawata, wani direban tasi mutumin Maraɗi, wanda tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa taka jirgin ruwa ba, shi ya zama malamin injina a ranar. Ya ce mu da muka baro ƙasar da ake ɗauke wuta ana tsakiyar tiyata, a rasa wanda zai je ya ɗaura ransa a jikin wuta a tsakiyar teku sai ɗan'uwanmu. Maza suka bushe da dariya. Maigida mutum ne mai shiru, amma ranar ban san abin da ya hau kansa ba. Ya ajiye cokali ya ce wallahi duk ranar da jirgin nan ya kunyata shi a gaban mutane, ko sau ɗaya ne, zai sayar. Mutum ashirin suka ji, har da ni, kuma na adana maganar a inda ba za ta ɓata ba.

A bazarar da ya gama aikin Inna ta zo, mahaifiyarsa, aka yi mata aikin yanar ido. Tsohuwa ce siririya, marar yawan magana, wadda a zamaninta ita da kanta take tuƙa kwale-kwale ta kai kifi kasuwa. Da yake shi ne ɗan farinta, ba ta kama sunansa, ba ta ma cika dubansa ba, sai dai ta ce a gaya wa wancan. Ta sha faɗa min cewa tunda jirage masu inji suka cika kogi ta daina sha'awar shiga ruwa, don ba a jin komai sai tatata. Wannan magana ita ce asalin komai, daga baya na gane. Shekara uku yana kwance a cikin jirgi da sukuddireba don ya ɗauki tsohuwar nan sau ɗaya a ruwa ba ƙara.

Ya sa ranar Asabar ta ƙarshe kafin ta koma gida. Ya ce mu uku ne, shi da ni da Inna, ya maimaita min sau biyu. Mako guda yana zuwa bayan aiki yana duba caji.

Mutum ɗaya na gaya wa, Allah shaida. Ƙawata ce, matar direban nan, 'yar Zangon Kumasi, kuma ba gayyata na yi ba, labari na ba ta. Amma yaya za a ce surukarki za ta koma gida ki fita da ita yawon ban kwana a ɓoye? Sai a ce kin raina mutane, ko kina jin kunyar tsohuwar. To zancen ya fita. Da muka isa bakin ruwa da hantsi muka tarar da mutum tara suna jiranmu, sun sha shadda da leshi, ga kuloli jere kamar za a kai gara. Shinkafa da wake, dambun nama, soyayyun kaji, zoɓo, kunun aya, har da wata tabarma.

Maigida ya tsaya ya dube su, ya dube ni. Na san abin da yake lissafawa, don ya sha gaya min cewa irin wannan jirgi ba ya son nauyi. Amma wa zai kori baƙo da ya yi wanka ya ɗauro kula tun daga Soundview? Ya yi musu sannu da zuwa, ya ƙirga rigunan ruwa masu hana nutsewa yana fatan su gaza, suka ƙi gazawa. Kafin mu tashi ya ja ni gefe ya ce soket ɗin da ke cikin ɗaki na waya ne kawai, domin duk daga batir ɗaya ake sha, da shi da injinan. Na ji shi sarai. Ba zan ce iska ta ɗauke maganar ba, don ranar ko ganye ba ya motsi.

Muka fita. Jirgi ya zame daga mashaya shiru, sai ɗan zuu da ba ya kai na firji. Maza ba su ji daɗi ba. Ɗaya ya tambaya ko an tayar da injin, aka ce masa ai tafiya ma ake yi, ya ce shi fa bai yarda da abin hawan da ba ya gaisawa ba. Direba ya tsaya a bayan maigida yana cewa a ba shi wuta a ga ƙarfinsa, wai ko keken guragu ya fi wannan sauri. Saboda kara maigida ya ɗan tura hannu na wasu mintoci, aka yi tafi, ya mayar. Da yake babu iska, bai ɗaga ƙyalle ba, da injinan muka yi ta tafiya har gidajen City Island suka ƙanƙance.

Inna tana can gaba, a kan ragar da ke tsakanin kwale-kwalen biyu, rigar ruwa a kan mayafinta, tana kallon ruwa yana wucewa ta ƙarƙashinta. Ba ta nemi komai ba. Ƙawata ce ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce ashe har yanzu ba a ba Inna ko ruwan zafi ba, ga sanyin teku. Na duba filas, maza sun shanye tas. Mata huɗu suka zuba min ido.

A jakata akwai butar lantarki, babba, wadda na saya a Fordham Road. Kada a tambaye ni me ya sa na ɗauko ta, ni ko Makka da ita na je. Na shiga ɗaki na ce a raina tafasa ɗaya ai ba za ta kashe kowa ba. To amma ba a miƙa wa mutum ɗaya kofi, mutum goma suna kallo. Na sake cikawa, na sake. Direba ya ce nasa a yi masa mai kauri irin na Maraɗi, wannan ma buta guda. Sai ƙawata ta taɓa shinkafa ta ce ta huce, kuma ba za a ba tsohuwa abinci mai sanyi ba, ta zaro tukunyar lantarki daga ƙasan kula. Wata ta kawo doguwar waya mai baki shida, aka jona wayoyi. Da azahar ta matso aka ce ruwan jarka ya yi sanyi da yawa, a ɗumama na alwala. Wani akwati a ƙarƙashin kujera, kusa da batura, ya fara ƙi-ƙi-ƙi na gargaɗi, ƙawata ta ce wannan abu da damun mutane yake, ta ɗora masa matashin kai.

Da maigida ya juya kan jirgi za mu koma, ruwa ya riga ya fara janyewa, don tekun nan sau biyu a rana yake cika ya koma, kuma yanzu waje yake jan mu. Injinan suka yi ta fama, zuu ɗin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Da farko ba wanda ya lura, tunda dama shiru ake. Sai da muka ga gaɓa ta daina matsowa, ta fara ja da baya.

Direba ya cire hula ya ce, “Jama'a, an ɗauke wuta.”

Dariyar da aka yi har da masu riƙe ciki. Wata baiwar Allah, bisa sabo, ta leƙa jiragen da ke nesa ta ga ko su suna da ita. Nan take maza suka kafa kwamiti. Wannan ya ce baturan jabu ne, wancan ya ce gishiri ne ya ci waya, na uku ya ce akwai wuraren da ba a wucewa a ruwa ba a yi sallama ba. Ɗaya ya buga waya Zariya a sa mu a addu'a, da wayar da ta sha caji ta ƙoshi. A cikinsu duka babu wanda ya iya iyo.

Maigida ya bar sitiyari. Ya sauko ɗaki, ni kaɗai ce a ciki. Ya ga buta tana tururi, ya ga tukunya, ya ga wayoyi shida a jere kamar 'yan tsaki a jikin uwa. Ya ɗaga matashin kan nan ya kashe akwatin. Ya zare wayar butar, ya naɗe ta a tsanake, ya zubar da sauran ruwan, ya sa butar a jakata ya ja zif. Sannan ya hau sama, ina biye da shi, ya tsaya a gaban mutane.

“Batir ne ya gaza,” in ji shi. “Lissafina ne bai yi daidai ba. Ku yi haƙuri.”

Ina tsaye a bayansa, jakar tana ƙona min cinya. Kalma huɗu ta isa. In ce ni ce da shayina, a yi min dariya, ƙawata ta ɗauki rabonta, magana ta mutu. Ban faɗa ba. Kunyar Inna ta riƙe ni, da kunyar matan nan da za su kai labarin har Kumasi. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da ya fi ta muni, kuma tunda na ɗauki alƙalami gara in faɗa: na tuna rantsuwar Soundview, na ji wani sanyi a raina. Direba ya yi ta zuba, yana cewa shi dama ya faɗa, lantarki na fitila ne da guga, ni kuwa na sunkuyar da kai ina tattara kofuna.

Inna ce ta tsayar da surutun. Ba ta juyo ba, ta ce a gaya wa wancan ya jefa ƙarfen nan mai igiya a ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, kada ruwa ya kai mu inda ba mu aika ba. Ya jefa. Ta ce a zauna, iska tana zuwa kafin la'asar, daga wancan gefen. Maza uku suka duba wayoyinsu suka ce masana sun ce babu iska yau. Ta ce to.

Aka yi sallar azahar da ƙyar, don jirgin yana juyawa a kan igiyarsa, liman ya tayar yana kallon gabas ya sallame yana kallon Bronx. Aka ci shinkafa, da zafinta kuwa. Rana ta buɗe, shadda ta jiƙe da gumi, direba ya kwanta a kan tabarma, jirin ruwa ya kama shi. Maigida yana zaune shi kaɗai wajen sitiyari yana kallon allurar batir, sola tana ɗiga mata abin da bai taka kara ya karya ba.

Kafin la'asar fuskar ruwa ta yi yamutsa-yamutsa daga can nesa, daidai inda tsohuwar ta nuna. Ya ciro ƙarfen daga ruwa, ya ja igiya, ƙyalle ya hau ya cika. Tagwaye ya ɗan yi ƙara a haƙarƙarinsa ya tafi. Ban taɓa sanin haka jirgin nan yake ba. Ba girgiza, ba wari, sai ruwa yana tsagewa gida biyu yana sulɓewa ta tsakiya da wani sauti mai laushi. Na kai wa Inna mayafi na biyu, na tarar ta lumshe sababbin idanunta.

Ta ce da ni a hankali, “Rabona da jin ruwa haka tun babansa yana da rai.”

Iska ta kai masa maganar, ta kunnen dama. Na ga ya juya fuska gefe yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara. Wajen rabin awa muka yi a haka, kuma da a nan ranar ta ƙare da ban rubuta wannan ba.

Amma ba a shiga mashaya da ƙyalle, wurin ya yi matsi, jirage a jere hagu da dama. Dole sai inji. Abin da sola ta tara ya kai mu bakin shiga ya ce ga garinku nan. Muka fara karkata za mu gogi jirgin mutane. Wani tsohon Bature a cikin ɗan kwale-kwalen roba ya hango mu, ya zo ya jefo igiya. Injinsa na fetur ne, tsoho, irin mai tari, hayaƙinsa shuɗi. Haka aka ja mu ciki, tatata, hayaƙi yana dukan fuskar Inna tana toshe hanci da mayafi, mutanen mashaya suna ɗaga mana hannu. Direba ya warke nan take ya ɗauki bidiyo. Kafin mu kai mota an gani a Soundview.

Ranar da Inna za ta tafi ina ɗaure mata kaya a ɗaki, tana zaune a bakin gado tana kallona. Na manta cewa idon nan an gyara shi.

“'Yar nan,” ta ce, “shayin nan naki ya yi daɗi. Sai dai ya yi tsada.”

Ban ɗago ba. Na ci gaba da cusa atamfa a akwatin da ya riga ya cika.

Bayan mako biyu ya sa jirgi a kasuwa. Kullum in ce gobe zan gaya masa, goben ta zo in ga bai dace ba. Na zagaya ta bayan gida na ce masa ai rantsuwa tana da kaffara, ya ciyar da miskinai goma a wuce wurin. Ya ce a gaban mutane ya yi ta, kuma mutane sun gani. Wanda ya saya ya ce ba ya son injinan, dizal zai mayar, don ya ji labarin abin da ya faru. Maigida ya kwance su da hannunsa ya hau da su hawa biyar, ranar lif ba ya aiki. Suna nan a ƙasan kabad, inda nake ajiye manyan tukwane da.

Na samu abin da nake so. Asabar da Lahadi yana gida, yana zaune a falo kusa da taga, hannuwansa a kan gwiwa. Duk sunan da muka je direba sai ya ba da labarin ranar da aka ɗauke wuta a teku, ya rufe da cewa injin lantarki ba abin yarda ba ne, maigida ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin abincinsa. Mutumin da asibiti guda yake dogara da hannunsa ya zama abin misali a bakin wanda ko fis bai iya canzawa ba.

Wata Asabar da safe, sanyi ya fara shigowa, na kawo masa shayi na zauna. Na ce akwai maganar da nake riƙe da ita, na faɗa masa duka, buta nawa, tukunya, ruwan alwala, matashin kai. Ya saurara har na gama. Ya ce ya sani, akwai allura a gaban sitiyari, tun tafasar farko ya ga ta faɗi.

Na ce to me ya hana shi magana tun lokacin.

“Matata tana dafa wa uwata shayi a gaban baƙi,” ya ce, “in sauko in zare waya?”

Na ce bayan nan fa, da ake ta yi masa dariya.

“Bayan nan maganar taki ce, ba tawa ba. Na jira ki har muka iso gaɓa.”

Ya shanye shayin, ya tashi ya wanke kofin da kansa. Sannan ya ɗauko makullin mota ya tambaye ni ko akwai cefanen da za a yi a Fordham Road, tunda yau ba shi da abin yi.